Ƙazafi a ƙauyen Ingila: littafin Tey ko na Christie?

Malama, kin tambaya wanne za ki fara karantawa tsakanin The Franchise Affair na Josephine Tey (1948) da Mrs McGinty's Dead na Agatha Christie (1952), tunda dukansu kan waɗanda aka ɗora wa laifin da ba su ji ba ba su gani ba ne. In ƙazafin kansa kike son gani, fara da na Tey.

A cikinsa ba a kashe kowa ba. Betty Kane, 'yar shekara 15, ta ɓace wata guda, ta dawo da shatin duka a jiki, ta ce Marion Sharpe da mahaifiyarta ne suka kulle ta a ɗakin can saman gidansu da ke bayan garin Milford, suna bautar da ita. Abin ɗaure kai, ta siffanta gidan dalla-dalla, har tagar ɗakin mai zagaye da tsagewar gilashinta. Lauyan matan biyu, Robert Blair, wanda wasiyya da takardun gida ya saba rubutawa, ya tabbata ƙarya Betty take shararawa, amma kotu hujja take ci. Dole ya tono inda ta yi watan nan. Kafin ya kai ga haka jarida ta baza hotonta, 'yan gari sun farfasa wa matan tagogi, daga baya aka banka wa gidan wuta. Tey ta ɗauko tushen labarin daga shari'ar Elizabeth Canning, 'yar aikin da ta ɓace a Landan a 1753, wadda kotu ta kama da rantsuwar ƙarya a 1754. Aibinsa dai, marubuciyar tana yi wa talaka kallon hadarin kaji, za ki ji shi a yadda take maganar Betty.

Na Christie kuwa babu wanda ya shirya sharrin da baki, alamu ne suka taru a kan James Bentley. An kashe Mrs McGinty, matar da yake haya a gidanta a ƙauyen Broadhinny, fam 30 sun ɓace, ga jini a hannun kwat ɗinsa, aka yanke masa rataya. Ɗan sandan da ya kama shi, Spence, shi ne hankalinsa bai kwanta ba, ya nemo Poirot, gwanin binciken laifi na littattafan Christie. Bakin zaren kwalbar tawada ce da marigayiyar ta saya, alhali ba mai yawan rubuta wasiƙa ba ce. Bentley da kyar ake ganinsa, kuma ba ya ba mutum tausayi sosai, hankalin mai karatu duk yana kan wa ya yi kisan.

Turancin Christie ya fi sauƙi, hira ce ta fi yawa. In kina tsoron Turancin Tey zai yi miki nauyi, juya tsarin.