eBay ko Etsy: ina za ki kai kwalin tsofaffin takardun yanka?

Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da na sallami yara makaranta don in zauna in amsa miki a nutse. Kin ce kin shiga wani shagon gwanjo a nan Amurka kin tarar da kwali cike da tsofaffin takardun yanka, ambulan kusan 60, kin biya dala 15 kin kwaso. Kina so ki ajiye kaɗan don ɗinkinki, ki sayar da sauran, amma kin rasa inda za ki nufa tsakanin kasuwannin intanet biyu, eBay da Etsy. Shekarata shida ina wannan harka, kuma ina da kaya a kasuwannin biyu. Shawarata ita ce kada ki ɗauki kwalin nan dungurungum ki kai wuri guda, domin kayan da ke cikinsa ba darajarsu ɗaya ba, masu sayensu ma ba ɗaya ba ne.

Saboda 'yan'uwa na gida da ba su taɓa riƙe abin a hannu ba, bari in ɗan fayyace. A wajenmu tef da alli da almakashi sun ishi tela: ya auna ki, ya zana a kan yadi, ya yanka. A nan kuwa mace takan sayi ambulan mai hoton riga a gaba, a ciki akwai takardu shara-shara, kowace da siffar ɓangare ɗaya na rigar, gaba da baya da hannu da kwala, sai ta shimfiɗa su a kan yadi, ta kafe da fil, ta bi gefensu da almakashi. Wani tela mai suna Ebenezer Butterick ne ya fara sayar da su bisa awo daban-daban a jihar Massachusetts a 1863. James McCall ya biyo baya a 1870, Simplicity ta zo a 1927 tana sayar da ambulan a kan senti 15. Waɗannan ukun da Vogue su ne za ki fi cin karo da su a kwalinki.

To, kafin maganar kasuwa sai an yi tankaɗe da rairaya. Ki share teburi, ki wanke hannu, ki zazzage su ki kasa kashi uku. Kashin farko na masu tsada, kuma da wuya su wuce biyar a cikin sittin. Su ne duk wanda ya girmi 1950, da duk wani Vogue mai sunan babban mai zanen kaya a gabansa. Tun 1949 Vogue ta fara fitar da jerin da ta kira Paris Original, da zanen gidaje irin su Balmain da Lanvin da Schiaparelli, daga baya Dior da Yves Saint Laurent suka shigo. Idan kin ga ɗan ƙyalle saƙaƙƙe mai sunan Vogue a cikin ambulan, wanda ake ɗinkawa a wuyan riga, kada ki yar, yana ƙara wa kaya kuɗi. Haka nan ambulan masu tambarin Hollywood, waɗanda aka yi daga 1932 zuwa 1947, wasunsu da hoton taurarin fim a jiki. Kashi na biyu na matsakaita: rigunan 1950 zuwa 1979 masu kyan zane, cikakku, ambulan bai yage ba. Kashi na uku kuma tarkace: kayan barcin yara, labule, rigunan 1990 masu faffaɗar kafaɗa, waɗanda aka buga su da yawa har suka cika ko'ina.

Yanzu ga kasuwannin. eBay, wadda aka kafa a 1995, gwanjo ce da ma'anarta ta asali: a ɗaga kaya, masu so su yi ta tayawa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Kina iya ba da kwana uku, ko bakwai, ko goma. Kina kuma iya yanke farashi ki bar ƙofar ciniki a buɗe, mai saye ya taya, ki ce albarka ko ki sallama. Etsy kuwa, wadda ta fara a 2005 a Brooklyn, shago ce. Ki jera kaya, ki rubuta farashi, ki jira mai rabo. Ba ta da gwanjo sam, kuma ba ta ɗaukar abu a matsayin tsoho sai ya kai shekara 20.

Inda eBay ta yi wa Etsy fintinkau shi ne sanin farashi. A eBay kina iya rubuta sunan kamfani da lambar ambulan, ki zaɓi a nuna miki waɗanda aka riga aka sayar a cikin wata ukun da suka wuce, ki ga nawa aka biya. A Etsy abin da mai kaya ya nema kawai za ki gani. Da zarar kaya ya fita, farashinsa ya ɓuya. Sababbin shiga da yawa a nan suke ruɗuwa. Sai mace ta ga irin nata an sa masa dala 80, ta ɗauka ta tsinci dami a kala, alhali wataƙila ambulan ɗin ya shekara biyu yana kwantai. Ko da a Etsy za ki sayar, a eBay za ki tambayi kasuwa. Ki kula da abu ɗaya wajen bincike: kamfanonin nan suna maimaita lambobi bayan shekaru, lamba guda tana iya zama rigar biki ta 1955 kuma ta zama wandon yaro na 1984. Ki haɗa lambar da hoton.

La'ada kuma kowa da salon cinsa. eBay tana ba ki damar sa kaya 250 a wata ba tare da ko sisi ba, sai an saya ta cire kashi 13 da ɗoriya cikin ɗari, har da kuɗin aike a lissafin, ta ƙara wasu 'yan senti a kan kowane ciniki. Etsy tana karɓar senti 20 tun ranar da kika sa kaya, ta wata huɗu, an saya ko ba a saya ba. In an saya ta cire kashi 6.5, sannan kuɗin karɓar biya kashi 3 da senti 25. A cinikin dala 20, eBay za ta ci dala 3 da 'yan kai, Etsy kusan dala 2 da senti 35. Sai ki ce Etsy ta fi sauƙi, kuma haka ne idan kayanki na tafiya. Amma ki lissafa ambulan 100 da suka ƙi motsi: senti 20 sau uku a shekara, dala 60 ke nan kin biya haya a kan kayan da ba su kawo komai ba. Akwai kuma tallan da Etsy ke yi miki a wasu shafukan intanet, wanda in mai saye ya biyo ta nan za ta cire kashi 15 ƙari; ƙaramin shago yana da ikon kashe shi, ni na kashe nawa. Waɗannan lambobin suna canzawa lokaci-lokaci, ki duba su ranar da za ki fara.

Abin da ya fi la'ada muhimmanci a wurina shi ne wa ke zuwa kasuwar. A eBay na fi haɗuwa da masu tarawa da 'yan sari. Mai tarawa ya san lambar da yake nema, ya shekara yana jiranta, in ta fito ba ya jin ciwon kuɗi. Ɗan sari kuma yana son guda ashirin a dunƙule da araha. A Etsy na fi haɗuwa da masu ɗinki, mace mai biki a gaba tana neman doguwar riga irin ta 1960 mai ƙirji inci 38, ko mai ɗinka wa 'yan wasan kwaikwayo kaya. Ita ba ruwanta da tarihin ambulan, tambayarta ɗaya: zai yi mini? Tana biyan farashi mai kyau ba tare da jan ciniki ba, amma sai ranar da Allah ya kawo ta. Na taɓa sayar da wani a kwana biyu, wani kuma sai da ya shekara ɗaya da rabi.

Saboda mai ɗinkin nan ne nake roƙon ki da ki daina kallon lambar girma ki kalli awon ƙirji. Lamba 14 a shekarun 1940 ƙirji inci 32 ne. Daga 1956 ta koma 34. Bayan sabon awon da kamfanonin suka shigo da shi a 1968 ta zama 36. Kuma tsofaffin ambulan girma ɗaya tak ke cikin kowanne, ba kamar na yanzu masu layi-layi da yawa ba. In kin rubuta "lamba 14" kaɗai, wata za ta saya ta yanka yadinta mai tsada, rigar ta ƙi shiga. Ki sa awon ƙirji a kan taken kayan. Za ki kuma lura cewa manyan awo, daga 38 zuwa sama, sun fi saurin fita da tsada, domin ƙanana ne suka fi yawa a cikin abin da ya saura.

To ga yadda nake rabawa. Tarkace su tafi eBay a dunƙule, goma-goma ko ashirin-ashirin, kayan yara wuri guda, na ɗaki wuri guda. Ba riba ake nema a nan ba, uwar kuɗi da sarari a ɗaki ake nema. Matsakaita su tafi Etsy idan kina da haƙuri kuma kina da niyyar ci gaba da harkar, domin shago mai kaya biyar ba ya jan mutane, sai ya cika. Masu tsada kuwa suna buƙatar tunani. Gwanjo yana daɗi ne idan mutum biyu suka so abu ɗaya a mako ɗaya. In mutum ɗaya ne ya zo, a farashin da kika fara da shi zai ɗauka, kuma ba ki da bakin cewa albarka. Don haka kada ki fara gwanjo da farashin da in an tsaya a kansa za ki kwana da baƙin ciki. Ni na fi yanke musu farashi a eBay, ɗan sama da abin da na ga an sayar, in bar ƙofar tayi. Gwanjo na ajiye shi don abin da na bincika na rasa irinsa gaba ɗaya.

Amma tunda ke sabuwa ce kuma kwali ɗaya gare ki, da ni ce ke da eBay zan fara duka, kowane kashi daban, kafin in kai ga rabawa tsakanin kasuwannin. Ba ki biyan komai sai an saya, kuma a wata biyu za ki gane ko harkar ta kwanta miki. Ki dai sani sabon mai sayarwa ana taƙaita masa yawan kaya da farko, kuma kuɗinsa kan ɗan jinkirta kafin ya iso hannu.

Akwai aikin da babu kasuwar da za ta ɗauke miki, shi ne ƙirga. A bayan ambulan ko a takardar bayani an zana dukkan ɓangarorin da lambobinsu ko haruffansu. Ki buɗe kowace takarda a hankali ki duba ta da jerin. Idan ba a taɓa buɗe su ba, suna nan da ninkin kamfani lafiyayye kamar sabon kuɗi, kada ki taɓa, ki rubuta hakan, domin shi ne mafi daraja. A shekarata ta farko na sayar da wata rigar 1950 mai faɗin siket, na ƙirga takardu goma sha ɗaya kamar yadda aka rubuta, ban duba haruffan ba. Ashe mai ita ta farko ta sa hannun wata riga daban a ciki, ainihin hannun babu. Matar da ta saya ta rubuto mini cikin ladabi cewa ta riga ta yanka jikin rigar auren 'yarta kafin ta gane. Na mayar mata da kuɗinta, amma yadin ya riga ya yanku. Har yau abin yana damuna, kuma tun ranar nake duba harafi da harafi. In wani ɓangare ya ɓata, ki faɗa ƙarara a bayanin kaya, akwai masu saya a haka don hoton ambulan ko don sun iya zana abin da ya ɓata.

Za ki iya buɗe wani ki ga takardun fari fat, babu layi babu rubutu, sai 'yan huji-huji zagaye da tsaga a gefe. Ba lalacewa suka yi ba, haka aka yi su. Hujin nan su ne bayanin: wasu na nuna tsayin zaren yadi, wasu inda za a ninka, wasu inda za a tsuke. McCall ce ta fara buga layi a jikin takarda tun farkon shekarun 1920, sauran suka daɗe a kan huji, Vogue har tsakiyar shekarun 1950. Ganin irin wannan alama ce cewa kin riƙe tsohon abu, ki kai shi kashin farko. Kada ki liƙa salatif a inda ya yage, yana rinewa ya cinye takardar. In ta cukurkuɗe, dutsen guga mai ɗumi kaɗan ba tururi ya isa. Ki kuma shinshina kowane ambulan: mai warin sigari ko na danshi ki ware shi daban kada ya shafa wa sauran, kuma ki gaya wa mai saye. Wajen aikawa, leda a ciki, kwali mai tauri a baya.

Game da waɗanda za ki ajiye wa kanki, ki leƙa na shekarun 1970 da kyau. A lokacin an yi yayin dogayen riguna har ƙasa masu dogon hannu da kaftani masu yalwa, waɗanda suka dace da suturarmu ba tare da kin ƙara komai ba. Yawancinsu a bayan ambulan an ba da lissafin yadi mai faɗin inci 45, kusan faɗin atamfarmu ke nan, don haka lissafin zai yi miki daidai. Rigar da na sa a sallar bara daga irinsu na yanka ta, da atamfa yadi biyar, tattara a ƙarƙashin ƙirji, hannu mai buɗewa a ƙasa.

In kin gama kasawa, ki ɗauko hoton gaba da bayan duk wanda kike zaton na kashin farko ne ki turo, musamman masu huji da duk wani Vogue mai suna a gaba. Zan duba su da daddare in sha Allah kafin ki sa musu farashi.