Giyar atomatik ta Camry Pencil: maɓallin O/D da lokacin taɓa shi

Toyota Camry ta 1997 zuwa 2001, wadda 'yan kasuwar mota ke kira Pencil, har yau tana kan hanya da yawa, kuma mai inji lita 2.2 tana ɗauke da giyabos A140E mai giya huɗu. Giyabos ne mai haƙuri da wahala. Mun ba shi yabo, sai dai ƙaramin maɓallin nan na O/D, wato overdrive, da ke jikin sandar giya yana rikita direbobi har su ɗora wa mota laifin da ba nata ba.

Overdrive ita ce giya ta huɗu. A giya ta uku, inji ya juya sau ɗaya, ƙarfen da ke fitar da juyi daga giyabos ya juya sau ɗaya. A ta huɗu kuwa, juyi 0.706 na inji ya isa, wato inji ya huta amma gudu bai ragu ba. A kilomita 100 cikin awa, allurar juyin inji tana zama wajen 2,400; ka kashe overdrive ta haura wajen 3,400. Bambancin nan fetur ne da ƙara da zafi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne fitilar dasbod. In ka ga O/D OFF ta kunna, overdrive a kashe take. Akwai mai tuƙi daga Kano zuwa Kaduna da fitilar nan a kunne, yana zaton ƙarfi ya ƙara wa mota, ya isa yana cewa ta cika shan mai. A miƙaƙƙiyar kwalta a bar fitilar a mace.

Kashewa tana da wurarenta. Na farko hawan tudu da kaya ko cikakkun fasinja. Tazarar da ke tsakanin giya ta uku da ta huɗu tana da faɗi, wannan kuwa shi ne babban aibin giyabos ɗin, don haka sai ka ji mota tana shiga ta huɗu, ƙarfi ya gaza, ta dawo ta uku, ta sake komawa. Kowace shiga da fita tana goge faifan kuloci tana dafa man giya. Danna maɓallin, ta tsaya a ta uku har ka gama hawa. Haka ma gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos: kashe overdrive tun daga sama, inji ya riƙe motar, in bai isa ba ka rage gudu ka sauko da sandar giya zuwa 2. Mai dogara da birki kaɗai a irin wurin nan yana iya taka shi ya ji ya yi laushi saboda zafi. Kada kuma a saka N don tsimin mai.

A cikin gari, in gudu yana kai da komo tsakanin kilomita 50 da 70 cikin awa, kashewa tana hana yawan canji. A gosulo kuwa ba ruwanka da maɓallin, mota ba ta ma kai ta huɗu ba. Wajen wuce tirela, taka totur sosai kan sa ta sauko da kanta, amma danna maɓallin kafin ka fita daga layi ya fi saurin amsawa.

Wani abin da ake ɗauka lalacewa ne alhali ba ita ba ce: kwamfutar motar ba ta barin overdrive ta shiga sai ruwan inji ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Celsius. Inda bakanike ya cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, kamar yadda aka saba a garejinmu, da sanyin safiyar hunturu sai a yi tafiya mai nisa ta huɗu ba ta shiga ba. Kafin a ce a sauke giyabos, a mayar da tamostat, a duba na'urar auna zafin ruwa, sannan solenoid, wato bawul ɗin lantarki da ke canza giya, da wayar maɓallin kanta.

Man giyabos da ya dace Dexron III ne. In an zubar daga ƙasa, wajen lita 2.5 ake mayarwa, kuma a auna shi inji na aiki da zafinsa, giya a P. Ja garau lafiya ne. In ya koma ruwan ƙasa mai ƙauri, kuloci ya fara ƙonewa. Difarenshal na wannan giyabos, wato sashen da ke raba juyi ga tayoyin gaba, yana da ɗakin mansa daban, wajen lita 1.6, sandar awo ba ta nuna shi, shi ya sa ake mantawa da shi har ya fara kuka.

Mai son saye ya gwada ta a buɗaɗɗiyar hanya bayan inji ya yi zafi: a kilomita 80 ya danna maɓallin, allura ta tashi nan take, ya sake dannawa ta sauka ba fizga. In ta yi jinkiri ko inji ya yi ihu kafin giya ta kama, a rage kuɗin gyaran giyabos daga ciniki.