Buildroot ya cece ni da Raspberry Pi Zero, amma ya cinye mini dare biyu

Na koma ga Buildroot, manhajar da ke haɗa cikakken tsarin Linux domin ƙananan na'urori, bayan na shafe kwana uku ina kokawa da saƙo guda ɗaya tak, wato "Illegal instruction". Ƙaramar manhaja na rubuta da harshen C domin ta riƙa auna yawan ruwan da ke tankin rijiyar burtsatse, kuma a kan Raspberry Pi Zero W, wata ƙaramar kwamfuta mai siffar allo, nake so ta yi aiki. Wanda ya taɓa amfani da wannan allo ya san cewa ƙwaƙwalwarsa guda ɗaya ce, ma'ajiyar aikinsa kuma megabait 512 kacal, saboda haka gina manhaja a kansa aiki ne na mai dogon haƙuri. Shi ya sa na yanke shawarar in riƙa ginawa a laftof ɗina, in ya so sai in tura wa allon abin da ya fito.

Da farko na sauke arm-linux-gnueabihf-gcc da ke cikin rumbun Linux ɗina, wato wani nau'in GCC, manhajar da ke juya rubutun C zuwa umarnin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke ganewa, na gina manhajar babu ko ƙorafi ɗaya, na tura ta, amma tana tashi sai ta mutu. Na zargi katin ajiya, na zargi caja, har na koma wurin wanda ya sayar mini da allon ina nuna masa cewa jabu ya ba ni, abin da har yau nake jin kunyarsa. Ashe laifin nawa ne. An tsara wannan GCC ɗin ne domin ARMv7, alhali ƙwaƙwalwar BCM2835 da ke cikin Pi Zero ta tsohon zubin ARMv6 ce. Ko da na ƙara -march=armv6 matsalar ba ta kau ba, domin ɗakunan karatun da ke zuwa tare da shi (libraries, wato tarin shiryayyun umarni da manhajoji ke aro daga ciki) an riga an gina su da umarnin da allon bai sani ba.

A nan ne Buildroot ya ba ni mamaki. Na rubuta make raspberrypi0w_defconfig, sannan make, sai ya ɗauko komai da kansa, ya gina GCC da ya dace da allon, ya shirya sysroot mai ɗauke da fayilolin kai da ɗakunan karatun da manhajata za ta jingina da su, daga ƙarshe ya ajiye mini sdcard.img, wato hoton cikakken tsarin da ake kwafewa a katin ajiya, a cikin output/images. Na kwafe shi a kati, na gina manhajata da fayil ɗin toolchainfile.cmake da ya tanada, kuma a karon farko adadin ruwan ya bayyana a fuskar kwamfutata. A wannan daren, da za a tambaye ni, da taurari biyar zan ba shi ba tare da jinkiri ba.

Sai dai kashegari na shiga make menuconfig na sauya ɗakin karatun C zuwa musl domin in rage girman tsarin, na sake rubuta make ina tsammanin zai gane sauyin. Bai gane ba, domin Buildroot ba ya bin diddigin abin da ya kamata a sake ginawa idan an taɓa kayan ginin kansu. Dole ne a yi make clean a faro daga tushe. Gaskiya ne cewa littafin jagorarsa ya faɗi haka ƙarara, kuma ni ne ban karanta ba, amma hakan bai rage mini ɓacin rai ba sa'ad da aka ɗauke wuta ana tsakiyar gina GCC a karo na biyu, batirin laftof ɗin kuma ya ƙare. Abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya shi ne fayilolin da aka sauke suna nan a babban fayil na dl, don haka ban sake ƙona data ba.

Akwai kuma abin da ban so ba: sysroot ɗin na tsarin Buildroot ne, ba na Raspberry Pi OS ba, kuma babu apt, manhajar da ake sauke ƙarin kaya da ita, a kan allon, saboda haka duk ƙaramin ɗakin karatun da na manta sai na sake gina hoton katin. Taurari huɗu na ba shi. Yanzu na kunna ccache mai adana abin da aka riga aka gina domin saurin sake gini, na yi make sdk mai tattara kayan ginin wuri guda, na adana abin da ya fito a filashi biyu daban-daban.