Ƴar lakwal mai aji shida a Ali Ɗan Sofo: yadda take idan shekara ta yi rabi

Duk makarantar kuɗi kyakkyawa ce a watan Oktoba. An shafa farar ƙasa a katanga, darakta yana bakin ƙofa yana gaisawa da iyaye, kuɗin rajista sun shigo, malamai sun karɓi albashi a kan kari. Mai son ganin ainihinta ya dawo tsakanin Janairu da Maris, lokacin da hazo ya rufe gari, kashi na biyu na kuɗin makaranta ya maƙale a aljihun iyaye, alli ya fara ƙarewa. A wannan tsakanin ne aka auna wata ƴar lakwal mai aji shida, wato CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2, daga aji ɗaya zuwa aji shida, da ke cikin lungunan unguwar Ali Ɗan Sofo a birnin Maradi. Ba za a kama sunanta ba, tunda akwai inda za a yaba, akwai inda za a kushe, kuma irinta suna nan birjik a unguwannin Zariya, Sabon Gari da Burja.

Gini dai ba shi da laifi. Azuzuwan shida na bulo ne da siminti, da rufin kwano da tagogin ƙarfe, babu ko ɗaya na zana. A Maradi wannan ba ƙaramar magana ba ce, don ba wanda ya manta da gobarar watan Nuwamban 2021, wadda ta kama azuzuwan kara a wata makaranta ta cikin garin nan, ta yi ajalin yara ƙanana sama da 20. Uban da ya je duba makaranta ya fara da wannan: ya leƙa bayan gini ya ga ko an kafa rumfar kara an zuba ƴan CI a ciki saboda an ɗauki yara fiye da wuri. A nan ba a yi haka ba. Matsalar kwanon ita ce ba a yi masa rufin ciki ba. Da hunturu ajin ya yi sanyi kamar randa da safe, daga Maris kuma, da ƙarfe 11 ta yi, zafi ya sauko a kan yara. Azuzuwa biyu da ke ƙarƙashin inuwar itacen dogon yaro sun fi sauran dama, kuma da gangan aka ba su ga ƴan ƙanana. Wannan dabara ce ta wanda ya san aikinsa.

Karatun ne ƙarfin makarantar, kuma dalilin a bayyane yake: yaran aji ba su kai 40 ba, benci ɗaya yara uku ne ba biyar ba, sannan ba yajin aiki. Mushe, wato malami, yana iya zagaya aji ya duba allon kowane yaro kafin a goge. Hanya mafi sauƙi ta gwada wannan ita ce a karɓi kayen yaro, wato littafin rubutunsa, a buɗe shafukan Janairu da Fabrairu, a bar na Oktoba. Idan jan biro yana nan kowace rana, da kwanan wata, da gyaran da yaro ya sake rubutawa a ƙasa, to malami bai gaji ba. A CE2 da CM2 an ga haka. A CE1 akwai giɓin kusan mako uku da ba gyara, kuma wannan giɓi yana da tarihi, za a zo kansa.

Jarrabawar ƙarshen zango na farko ana yin ta a Disamba kafin hutu, a raba sakamako bayan an dawo a Janairu. Maki a kan 10 ake bayarwa kamar yadda aka saba a firamare, a tara, a raba, a fitar da matsakaici da matsayin yaro a aji. Inda yara suka fi zubewa shi ne dikte, wato shifta, musamman a manyan azuzuwa inda har yanzu wasu malamai ke riƙe da tsohuwar ƙa'idar kuskure biyar sifili. Yaron da a gida Hausa yake ji, a islamiyya Larabci, a lakwal Faransanci, zai iya gane labarin sarai ya faɗi a kan harafin da ake rubutawa ba a furtawa. Abin da makarantar ta yi daidai shi ne ba ta tsaya a kan matsayi ba: duk wanda bai kai 5 ba ana kiran ubansa ko uwarsa, a nuna masa takardar da idonsa, a sa yaron cikin darasin ƙari na safiyar Asabar, awa biyu, ba ƙarin ko dala. A CI da CP kuma malamai suna fassara umarni da Hausa kafin su maimaita da Faransanci. Wasu iyaye suna ƙorafi, wai sun biya kuɗi ne don yaro ya ji Faransanci zalla. Ƙorafin ba shi da tushe. Yaron shekara shida da bai gane me ake so da shi ba haddar sauti kawai yake yi, ya zo CE1 ba ya iya haɗa baƙi da wasali. Balle ma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a dokance, Faransanci ya koma harshen aiki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato kuɗi. Kashi uku ake biya: Oktoba, Janairu, da wajen Afrilu. Na farko yana shigowa kusan duka, don ba a ba yaro benci sai an biya. Na biyun ne ke wahala. Yawancin iyaye ƴan kasuwa ne, wasu hajarsu ta Najeriya ce ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, kuma duk abin da ya taɓa iyaka ko canjin naira da sefa yana isowa har ofishin darakta. Wasu manoma ne da suka riga suka sayar da wake da gyaɗa tun kaka. Makaranta irin wannan ba ta da wata rijiya sai kuɗin iyaye, kuma mafi yawansu albashi ne da hayar gida. A yi lissafi mai sauƙi: a ce yara 200 ne, kowane kashi jika 20, ana sa ran miliyan 4. Idan rubu'in iyaye suka jinkirta, miliyan 1 ta yi ƙasa, wato albashin wasu malamai na wata biyu ko fiye. Daga nan sai sarƙa ta fara: albashin Janairu ya kai 15 ga Fabrairu, malami ya fara neman darasin gida da yamma don ya rufe giɓi, gyaran kaye ya ragu, wanda ya samu kwantiragin gwamnati ko wata makarantar ya tattara ya tafi. Abin da ya sami CE1 ke nan. Malamar ta tafi a tsakiyar shekara, darakta ya riƙe ajin da kansa haɗe da aikin ofis, kafin a samo wata wadda ta fito daga makarantar horar da malamai. Sabuwar ta iya aiki, amma mako ukun nan sun tafi.

Yadda makarantar ke karɓar bashinta shi ne babban aibinta. Da safe a shiga aji da takarda, a kira sunaye, a ce wane da wane su ɗauki jaka su je gida su kawo kuɗi. Yaro ba shi ya ci bashi ba. Ya rasa darasi, ya ji kunya gaban ƴan'uwansa, kuma ɗan shekara bakwai ya fita titi shi kaɗai da ƙarfe 9 a lokacin da gida ba su san ya fito ba. Ga lambar wayar kowane uba a rajista, ga wuraren aika kuɗi na Nita da Amana a kowace kusurwa. A kira babba a yi magana da babba. Wanda ba zai iya jika 20 a dunƙule ba a raba masa wata-wata, a rubuta, ya sa hannu. Rasit ma yana buƙatar gyara: ana bayarwa, amma wani lokaci ba hatimi, ba a rubuta ragowar bashi ba, sai gardama ta tashi a Yuni. Uba ya dage a rubuta masa sunan yaro, aji, kashi na nawa ne, abin da ya rage, kuma ya ɗauki hoton rasit ɗin da waya.

Zaman jama'a, a ɗaya gefen, abin sha'awa ne, kuma shi ke riƙe da wurin. Taron iyaye na Janairu ana sa shi ranar Lahadi da hantsi, a shimfiɗa tabarmi a tsakar makaranta, a buɗe da addu'a, a yi komai da Hausa. Darakta yana karanta abin da aka yi da kuɗin ƙungiyar iyaye dalla-dalla: alli kwali kaza, gyaran benci kaza, kwashe masai. Maza ba su cika zuwa ba, gaskiya, kuma waɗanda suka zo sukan tashi da an raba sakamako. Mata ne ke zama har ƙarshe. Ƙungiyar iyaye mata tana da asusu da ake zubawa duk wata, dala ashirin zuwa dala ɗari gwargwadon hali, kuma daga ciki ake ɗinka wa marayu tufafin makaranta, a je gaisuwar rasuwa ko barkar haihuwa a gidan malami. Idan yarinya ta kwana uku ba ta zo ba, kafin darakta ya rubuta takarda wata Hajiya ta riga ta je gidan ta ji ko ciwo ne ko talla aka ɗora mata. Babbar makaranta mai yara dubu ba ta iya wannan.

Akwai zauren WhatsApp na iyaye. Sanarwa da murya ake turawa, abin da ya dace tunda ba kowa ke karatun boko ba, sai dai tallan atamfa da gaisuwar Juma'a sukan binne saƙon darakta. A rufe shi, masu kula kaɗai su riƙa turawa.

Ruwa bai wadata ba. Famfo ɗaya ne, kuma da zafi ya kama yakan ɗauke tun safe. Randuna huɗu ne a inuwa da moɗa biyu. A ƙaddara lita 2 ga kowane yaro, sha da wanke hannu: yara 200 lita 400 ke nan, jarka 16 masu lita 25 kowace rana. Abin da mai garuwa ke kawowa bai kai rabin haka ba, shi ya sa bayan hutun ƙarfe 10 randa sai laka a ƙasa. Moɗa ɗaya a bakin yara da yawa kuma a watannin mura, ƙyanda da sanƙarau ba dabara ba ce. Maganin ba shi da tsada: tanki ɗaya da za a cika da dare lokacin da ruwa ke da ƙarfi, da gora mai suna ga kowane yaro. Makewayi huɗu ne, an raba na maza da na mata, ana wankewa da safe, amma sabulu sai ranar da sufeto zai zo. Abin yabo a nan shi ne ana neman katin rigakafi wajen rajista, kuma yaron da ya zo da zazzaɓi ko ƙuraje ana kiran gida a zo a ɗauke shi, ba a kwantar da shi bayan aji har a tashi.

Bakin ƙofa da tashi wani rikici ne. Ƴan kabu-kabu da adaidaita sun cika lungun, masu ƙosai, awara da fanke suna gefe, mai gadi ɗaya ne. Yana sanin fuskoki, amma ba rajistar wanda aka yarda ya ɗauki kowane yaro. A fara sallamar CI da CP minti 10 kafin manya, a ja igiya a tsayar da babura nesa da ƙofa, yawancin haɗarin ya kau. Masu abincin kuma a sa su rufe da murfi, don ƙurar Janairu ba ta barin komai.

Bikin tsakiyar shekara, da ake yi kafin hutun zango na biyu, wuni ɗaya ne kuma ba a matsa wa iyaye da anko. Akwai kacici-kacici tsakanin CM1 da CM2, karatun Alƙur'ani, wasan kwaikwayo, gaɗar ƴan mata, langa, da kokawa a fili mai yashi, wadda ta fi komai tara mutane. Yaran da suka kwana suna kallon gasar kokawa ta takobin ƙasa ba sa buƙatar a koya musu kirari. Ƴan CM kan je fadar Sarkin Katsinan Maradi, su ji yadda Ɗan Kasawa ya kafa mulki a nan bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Katsina, da yadda ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa gari ya hau tudu. Kuskuren shi ne gwajin wasan yana cin darasin yamma na kusan mako biyu, har da na ƴan ajin ƙarshe da jarrabawa ke jira a Yuni. A mayar da gwajin Asabar da yamma.

Azumi ma a ƴan shekarun nan cikin wannan zango yake faɗowa: a 2025 ya cinye Maris, kuma kowace shekara yana matsowa gaba da kwana 11 ko kusa da haka. Makarantar tana tattara darussa zuwa safe, a tashi da azahar, a sa lissafi da karatu a awannin farko. Tsarin ya yi, sai dai a sanar da shi mako guda kafin a ga wata, don masu kabu-kabun da aka yi yarjejeniyar wata da su su san sabon lokaci.

Idan za a ba ta maki yadda take ba yara, 7 a kan 10 ne: karatu da zumunci sun ɗaga ta, ruwa da korar yara kan bashi sun ja ta ƙasa. Ta dace da gidan da ke cikin unguwar, mai son yaro ya iya karatu da rubutu sosai kafin koleji, kuma mai iya biya a kan lokaci. Wanda ke nesa, kuɗin babur na wata tara zai iya kamo kuɗin makarantar kanta. Mai niyyar sa yaro a Oktoba mai zuwa ya je tsakanin Janairu da Maris, ranar aiki, wajen ƙarfe 11. Ya buɗe randa, ya karɓi kayen wani ɗan CE1, sannan ya tambayi darakta malamai nawa ne cikin shidan suke nan tun bara.