API ɗin MediaWiki: na raina shi, sai ya ba ni mamaki

Tun farko ban ɗauki API ɗin MediaWiki da wata daraja ba, wato ƙofar da wasu manhajoji suke bi su yi magana da MediaWiki, manhajar da Wikipedia take aiki a kanta. A idona tsohon kaya ne: adireshi guda, api.php, sai ka yi ta jero masa action=query, action=parse, action=edit kamar mai karanto takardar cefane. Buƙata ce ta kai ni gare shi. Mu da muke taɓa rubutu a Wikipedia ta Hausa mun san halin sabis, kana tsakiyar rubutu ya ɗauke, ka danna ajiyewa shafi ya yi fari fat. Shi ya sa na haɗa 'yar manhajar waya da Flutter, kayan aikin ƙera manhajoji, da wata ta kwamfuta da yaren Python, don mutum ya sauke muƙala, ya gyara ba intanet, in sabis ya dawo a tura.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi abu ɗaya ne. Wani ɗan uwa da muke gyara tare ya sauke muƙala a kan ganuwar Kano da yamma, ya raba dare yana faɗaɗa sashen ƙofofi, daga Ƙofar Nasarawa zuwa Ƙofar Mata da Kabuga. Layin da yake amfani da shi ya ƙi tashi sai washegari bayan azahar. A wannan tsakanin wani edita da ba mu sani ba ya shiga muƙalar ya gyara gabatarwa, ya ƙara madogara. Da ɗan uwan nan ya kira ni ya ce ya riga ya tura, gabana ya faɗi, don na ɗauka mun shafe wa bawan Allah aikinsa, kuma da manhajata aka yi ɓarnar. Na buɗe tarihin shafin da sauri. Wallahi gyaran biyu duk suna nan, na wancan a gabatarwa, na mutumina a sashen ƙofofi, ko wasali bai ɓata ba.

Ga yadda abin yake. Kowane gyara a MediaWiki yana da lambarsa. Manhajata tana adana lambar sigar da aka sauke, idan za ta tura sai ta haɗa da ita a baserevid. Ni na sa ta ne kawai saboda takardun bayani sun ce a sa, ina zaton iyakar amfaninta ta hana turawa idan an sami saɓani. Ashe sabar, wato babbar kwamfutar da take riƙe da shafukan, tana ɗaukar sigar asali, da wadda take kai yanzu, da taka, ta gwada su. In wuraren da kuka taɓa ba su haɗu ba, ta haɗe muku da kanta. In kun taɓa layi ɗaya, sai ta ƙi, ta dawo maka da editconflict, rubutunka yana hannunka ka daidaita. Na je shafin gwaji na haddasa saɓanin da gangan don in tabbatar, haka kuwa ta yi. Aikin da nake shirin ɓata makonni ina rubuta wa lambar manhaja, wato code, ashe yana can an gama shi tun tuni, kuma kyauta, ba wanda ya nemi katin banki ko kuɗin wata.

Sai dai kada wani ya ji wannan yabo ya ɗauka shan ruwa ne. Kafin in kai ga wannan jin daɗi na sha wuya, kuma yanzu da nake tunawa raina yana ɗan sosuwa. Kowane gyara sai da lambar izini da ake karɓowa ta meta=tokens, ita kuma a ɗaure take da zaman shigarka. Waya ta kwana ba sabis, zaman ya mutu, ka tura a ce maka badtoken. Dole ka koya wa manhaja ta sake shiga, ta karɓo sabuwa, ta sake turawa ba tare da ta ninka gyaran ba. Wani ɗakin lamba, wato library, na Dart, yaren da Flutter yake amfani da shi, da na fara dogara da shi, wanda mai shi ya yi watsi da shi ba ko sallama, bai san da wannan ba sam, haɗiye kuskuren yake ya nuna maka komai lafiya. Na tuge shi na rubuta nawa. A ɓangaren kwamfuta ban sha wannan ba, tunda Pywikibot, ɗakin lamba na Python don aiki da MediaWiki, ya daɗe da share hanya.

Ga kuma batun data. Ba ka tambayar fiye da muƙala 50 a kira ɗaya sai in asusunka yana da izinin admin ko na bot, wato manhaja mai gyara da kanta, sannan ka sami 500. Jeri in ya yi tsawo sai ka bi continue kana maimaita kira har ya ƙare. Na gane hikimar, sabar ta kowa ce, amma mai sayen data ta kwana ɗaya shi ya san abin da yake ji. Haka abin da action=parse yake dawowa da shi, burauza aka yi wa shi, akwatin bayani da teburori sai su cika fuskar ƙaramar waya, gyaran zubi aikinka ne. A nan sai da na ce a raina anya ba zan koma burauza in huta ba?

Abin da ya riƙe ni shi ne Special:ApiSandbox, shafin gwada kiran API. Kana zaɓar abin da kake so, ka danna, ka ga amsar a gabanka kafin ka rubuta ko layi ɗaya. Duk wanda zai fara, ya sa format=json da formatversion=2 tun ranar farko, amsar ta fi tsabta nesa ba kusa ba. Ya kuma sa wa manhajarsa User-Agent, wato shaidar da take gabatar da kanta da ita, mai suna da hanyar tuntuɓa, don ƙa'idar Wikimedia ce, in babu ana iya toshe shi. Kalmar sirrin mutane kuwa kada ya ajiye ta, ga OAuth nan, hanyar ba manhaja izini ba tare da ba ta kalmar sirri ba, ga Special:BotPasswords don ƙananan kayan aiki. Akwai sabon REST API da ya zo da sigar MediaWiki ta 1.35 a 2020, ya fi kyan gani, amma ni har yanzu tsohon nake kira don ya fi yawan ƙofofi. Ba banza ba manhajojin gyara irin su AutoWikiBrowser da Huggle suka yi shekaru a kansa.

In tauraro ake bayarwa, huɗu zan ba shi, na biyar ɗin badtoken ya ci. Yanzu hotuna ne a gabana. action=upload yana karɓar fayil gutsure-gutsure, ya tara su kafin ya haɗe, kuma da irin sabis ɗin unguwarmu ta nan kaɗai nake ganin hoto mai nauyi zai isa Commons, rumbun hotunan Wikimedia.