Mutum-mutumi mai basira da bulokcen: me za ka saya, me za ka bari?

Kafin a yi maganar farashi, a raba aikin biyu. Ƙirƙirarriyar basira ita ce ke gani da yanke shawara, kuma a jikin na'urar take zama. Bulokcen kundi ne kawai, wanda in aka rubuta abu ba ya gogewa. Hannun mutum-mutumi yana gyara motsinsa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, Ethereum kuwa, wani sanannen bulokcen, sai bayan daƙiƙa 12 yake buɗe sabon shafi, kuma rubutun ba ya tabbata sai bayan kimanin minti 13. Don haka duk dillalin da ya ce maka bulokcen ne ke tuƙa na'urarsa, ka riƙe kuɗinka.

Ɓangaren ƙwaƙwalwa ba wuya. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 5 da aka ɗora wa Hailo-8L, allon lantarki mai hanzarta aikin basira, tana lissafi tiriliyan 13 a daƙiƙa, ya isa gane kaya da kyamara ɗaya. In kyamarorin sun kai uku, ko na'urar za ta zana taswirar sito tana tafe, Jetson Orin Nano Super ya fi: tiriliyan 67, an fitar da shi kan dala 249 a Disambar 2024. Amma yana cin wuta har wat 25, sai a lissafa batir da fanka. Dukansu suna ɗaukar ROS 2, manhajar da ake gina mutum-mutumi a kanta.

Kundin ne ke da rikici. Tambayar farko: mutum nawa ne ba su yarda da juna ba? In sito naka ne, na'urori naka ne, rumbun bayanai irin PostgreSQL ya wadatar, kuma ya fi sauri da arha nesa ba kusa ba. Bulokcen yana amfani ne in akwai mai kaya, mai jigila da kamfanin inshora, kowa na zargin ɗan'uwansa zai iya taɓa lissafi.

In kun san juna, Hyperledger Fabric ya dace. Ba ya buƙatar sulallan kirifto, ba mai shiga sai da izini. Matsalarsa ku za ku riƙe kwamfutocin da kundin ke zaune a kansu, kuma ƙwararren da zai kula da su ba arha yake ba. In kuwa na'urar za ta karɓi kuɗi daga baƙi, misali tashar caji, ana buƙatar buɗaɗɗen kundi. Kan Ethereum kai tsaye, ƙaramar mu'amala gas 21,000 take ci (gas shi ne ma'aunin kuɗin aiki a Ethereum), farashin gas ɗin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Hanyoyin da aka gina a kansa, irin su Base da Arbitrum, sun yi sauƙi sosai tun gyaran Dencun da aka yi wa Ethereum a Maris 2024. Akwai kuma Robonomics, wanda aka yi musamman don na'urori kuma yana jituwa da ROS, sai dai jama'arsa kaɗan ne, in ka maƙale mai taimako ba yawa.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka zuba hoto ko bidiyo a kundin. A ajiye su wani wuri, a rubuta a kundin zanen yatsansu na SHA-256, wato gajeriyar lambar da ke sauyawa in an taɓa fayil ɗin, bayit 32 kacal, misali sau ɗaya a awa. Hakan na kuma ceton ka ranar da intanet ta ɗauke: na'ura ta ci gaba da aiki, ta tura daga baya.

Abu biyu ne ke yawan lalata aikin. Na ɗaya, mabuɗin sirri, wato lambar da na'ura ke sa hannu da ita a kundin, da aka bari a katin SD. Wanda ya zare katin ya zama na'urarka, ya sa hannu da sunanta. Nemi allo mai TPM 2.0 ko ATECC608, ƙananan guntayen lantarki da ke ɓoye mabuɗin a cikinsu. Na biyu, ma'aunin da ya karkace. In ma'aunin zafi ya ce digiri 4 alhali 11 ne, kundin zai adana ƙaryar yadda take. Tambayi dillali wa ke daidaita ma'aunan, duk wata nawa, kuma a rubuta amsar cikin yarjejeniya.