Sharhi kan masu girkin da suka dafa mana abincin godiyar kaka a Wusasa

Shekara da shekaru matan zumunta ne suke dafa abincin da muke ci tare bayan sujadar godiyar kaka, kowacce ta zo da tukunyarta da muciyarta, a kwana ana iza wuta a bayan majami'a. A bana kwamitin da nake ciki ya yanke shawarar ɗauko masu girki na haya, domin iyayenmu da suka saba tuƙa tuwon mutum 300 ƙarfinsu ya ja baya, 'ya'yansu kuma wasu suna karatu a Samaru da Kongo, wasu aiki ya kai su Kaduna. Uwar zumunta ba ta so ba da farko, ta faɗa mana a fili cewa abincin zumunci ba kwangila ba ne, kuma na amince akwai gaskiya a maganarta, shi ya sa na sa wa aikin ido fiye da yadda na saba.

Wadda muka ba aikin wata dattijuwa ce daga Sabon Gari, tana da mata shida da samari biyu da suke aiki a ƙarƙashinta. Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta karɓi kuɗin cefane a dunƙule ba, sai ta nemi mutum biyu daga cikinmu su bi ta kasuwar Sabon Gari, a auna shinkafa da masara tiya-tiya a gabansu, a sayi kabewa da alayyafo da gyaɗa da manja, a rubuta komai. Masara da wake da 'yan ikilisiya suka kawo baiko kuwa ta fara lissafa su kafin ta faɗi abin da za a ƙaro, wanda hakan ya rage mana kashe kuɗi sosai.

Tun wajen tsara abincin aka gane ta san inda ta zo. Wusasa gari ne da Kiristocinsa da yawa Hausawa ne gaba da baya, tun lokacin da mishan ɗin da Likita Walter Miller ya kafa a cikin birnin Zariya ya koma nan gindin dutsen Kufena a 1929, har tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ma da ƙasa aka gina ta, ginin magina Hausawa. Mutanen da suka tashi a irin wannan wuri ba za a sallame su da dafa-duka kaɗai a ce an yi musu biki ba. Ita da kanta ta ba da shawarar a yi tuwon shinkafa da miyar taushe, a yi dafa-duka saboda yara da baƙi, sannan a ɗora tukunya ɗaya ta fate da rama domin tsofaffi, tana dariya tana cewa ba a tara Zage-zagi a hana su fate.

Miyar taushen ita ce ta fi komai. Kabewar ta narke har ba a ganin gudajinta, gyaɗar ta ji niƙa ba ta yi ƙauri ba, an sa yakuwa daidai yadda tsaminta zai taso a ƙarshen loma ba tare da ya danne daddawa ba, ga ƙashin bargo da aka bari ya dahu tun asuba. Tuwon ya tuƙu, babu gudaji, kuma an kwashe shi da mara mulmule-mulmule aka jera a manyan kuloli, abin da ya taimaka ƙwarai domin iskar hunturu ta fara kaɗawa, tuwo kuwa ba ya jimirin sanyi. Faten ya ƙare kafin rabin layi ya wuce. Dafa-dukar dai ba yabo ba fallasa, ƙasan tukunya ɗaya ma ya kama, zoɓon kuma sukari ya yi masa yawa har masu ciwon suga suka koma shan ruwa.

Akwai kurakurai guda biyu da bai kamata in ɓoye ba. Na farko, mun yi da ita za a gama komai da ƙarfe 12 na rana, amma sai wajen ɗaya da rabi aka fara rabo, saboda itacen da ta zo da shi ɗanye ne, sai da muka aika aka sayo wani, kuɗinsa kuma ya fito daga aljihun kwamiti ba tare da an yi maganarsa tun farko ba. Na biyu ya fi damuna: samarinta sun saba da bikin aure, inda ake fara cika teburin manya, saboda haka suka lodi nama suka nufi rumfar da Rabaran da dattawan ikilisiya suke zaune, alhali gwauraye da tsofaffin da ba sa iya tsayuwa a layi suna can gefe a kan tabarma ba wanda ya waiwaye su. Wannan ƙorafi ba sabo ba ne a ikilisiya, domin a sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni irinsa ne ya taso a kan gwaurayen da ake tsallakewa wajen rabon abinci, har aka zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanas, su kula da hidimar.

Yadda aka gyara abin ne ya sa nake ganin darajar matar. Uwar zumunta ta je wurinta a hankali ta ce, "Yaya, a nan daga tabarma muke farawa." Dattijuwar ba ta yi musu ba, ba ta kuma ɗora wa yaranta laifi a gaban jama'a ba, sai ta ɗaure zaninta, ta ɗauki buta da daro da kanta, ta durƙusa gaban wata tsohuwa da idonta ya yi rauni, ta zuba mata ruwa ta wanke hannu, ta gutsuttsura mata naman ƙanana, ta ce, "Mama, ga miyar nan a hannunki na dama, da zafi, ki bi a hankali." Da matan zumunta suka ga haka sai suka miƙe suka karɓi ludaya da faranti, Rabaran ma ya tura farantinsa aka kai tabarma, rabon ya koma hannun 'yan ikilisiya, su kuma masu girkin suka tsaya wurin tukwane suna zubawa.

Bayan an watse ba su tafi ba sai da suka wanke tukwane, har da namu na majami'a da ba sa cikin yarjejeniya, suka kwashe toka, suka tsince ledoji, ragowar tuwon kuma ta ƙulla shi kashi-kashi ta damƙa wa masu ziyarar marasa lafiya su kai asibiti da gidaje.

Zan ba kwamiti shawara mu sake ɗaukarta baɗi, amma girki kaɗai, rabo ya zauna a hannun matan zumunta da matasa. Duk ikilisiyar da za ta kira ta, ta rubuta maganar itace da lokacin gamawa a takarda, ta kuma nemi a ɗora tukunyar fate biyu.